Da tsohuwar zuma ake magani

Ɗan uwa mai karatu, yau maganar babur za mu yi, wanda wasu ke ce wa moto, wasu kuma mashin. Ba ƙaramin nan na zuwa cefane nake nufi ba, ba kuma ƙaton da jandarma ke hawa in suna rakiyar manya ba. Matsakaici nake nufi, irin mai lamba 125, wanda zai ɗauki mutum biyu da ɗan kaya, ya bi kwalta, ya bi burji.

Kowace shekara in kaka ta yi, aka sayar da wake ko aya ko riɗi, sai ka ga magidanta da samari sun nufi wurin masu sayar da babura. Kuɗin wahalar damina guda, wani lokaci har da na saniya, su za a zuba a kan ƙarfe. Wani ma yana da tsohon babur mai lafiya a gida, amma sai ya karyar da shi, ya cika kuɗi ya ɗauko sabo, don kawai abokansa sun yi haka. Bayan shekara biyu ka tarar da shi yana tura sabon cikin rana, tsohon kuwa yana hannun wanda ya saya, yana ta aikinsa.

To, ga ra'ayina tun da wuri. Tsohon babur mai asali, wanda aka riƙe da kyau, ya fi sabo mai araha da aka saya don ƙyalli. In kana da irinsa, kada ka yi gaggawar rabuwa da shi. In kuma saye za ka yi, kada ka raina shi don fentinsa ya koɗe. Maganar ba ƙarama ba ce. A ƙauye babur shi ne ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, shi ne ke kai kaji da ƙwai kasuwa, shi ne ke kai ka gaisuwar mutuwa a garin da mota ba ta shiga. Abin da za ka ɗora wa irin wanga nauyi, ai sai wanda ka san halinsa.

Daga ina CG ya fito?

Bari mu ɗauki misali guda wanda aka sani a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, wato Honda CG 125. Irinsa nake hawa, hannu na biyu na saye shi, kuma da shi nake zagaya ƙauyuka wajen aiki.

A shekarar 1974 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya aiki ma'aikatansa biyu su je su ga yadda talakawa ke aiki da babur. Suka zagaya Tailan da Maleshiya da Indunusiya da Filifin da Iran da Pakistan. Abin da suka gani ya ba su mamaki. Mutum uku ko huɗu bisa babur guda, yaro a kan tanki, uwargida a baya, ga kuma kaya. Ba a juye baƙin mai sai ya yi kauri. Matatar iska ta toshe da ƙura. Ba a zuwa wurin bakanike sai inji ya tsaya cik. Kai ka ce mu suka zo kallo.

Da suka koma gida, sai kamfanin ya ƙera babur da zai jure irin wanga riƙo. A 1975 CG ya fito, aka fara sayar da shi a Tailan. A 1976 aka fara ƙera shi a Brazil, kuma har yau ana ƙera shi a Pakistan. Abin da ya shekara wajen hamsin ana yinsa, mutane kuma ba su daina saye ba, ka san ba a banza ba ne.

Me ya sa yake daɗewa?

Na farko, iska ce ke sanyaya injinsa. Tana bi ta tsakanin ƙarafan nan masu kama da haƙarƙari, ta kwashe zafi. Babu lagireto da za ta fashe maka a daji, babu neman ruwa.

Na biyu, ba a gauraya masa esansi da baƙin mai kamar yadda ake yi wa mobilet. Esansi yana tanki, baƙin mai yana cikin inji, wajen lita guda. Shi ya sa ba ya hayaƙi, ba ya kuma shan mai da yawa.

Na uku, kuma nan ne babbar dabarar take. A cikin inji akwai ƙananan ƙofofi biyu da ake ce wa bawul. Ɗaya tana shigo da mai da iska, ɗaya tana fitar da hayaƙi. A wasu babura, ƙarfen da ke buɗe su yana can sama, bisa kan inji, wata ƴar sarƙa ce ke juya shi. In baƙin mai ya yi datti ko ya ragu, saman nan ne ke fara ciwo. A CG an sauko da ƙarfen ƙasa, kusa da inda mai ke kwance, sai sanduna biyu su riƙa tura bawul daga can. Babu ƴar sarƙar da za ta saki, kuma ƙarfen ba ya rasa mai.

Na huɗu, matatar iskarsa ta soso ce. In ta yi ƙura, a wanke ta, a shanya, a ɗan shafa mata mai, a mayar. Sarƙar baya kuma an yi mata gida na kwano don kada yashi ya ci ta.

Na biyar, da ƙafa ake tada shi. Ko batir ya yi sanyi, ka taka kik sau biyu, ya amsa.

Ka lura, duk abubuwan nan ba su da wuyar ganewa. Bakaniken ƙauye mai sifana huɗu a ƙarƙashin bedi zai iya kwance injin da safe, ya ɗaure kafin la'asar. Abin da ake iya gyarawa ko'ina, shi ne ke tsufa a hannun talaka.

Masu cewa ba haka ba

Na san akwai masu ja da ni, kuma suna da hujja. Bari mu saurare su.

Wani zai ce: “Malam, na Japan ai na masu kuɗi ne.” Gaskiya ne. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin CFA da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. Bayan shekarar 2000 baburan ƙasar Sin suka cika kasuwanninmu, sannan na Indiya suka biyo baya. Ba zan ci amanarsu ba. Su ne suka sa manomi da ɗan tireda da ɗan kabu-kabu suka mallaki abin hawa. A cikinsu akwai masu ƙwari, kuma da yawa injinsu kwaikwayon na CG ne. Abin da nake faɗi shi ne, duka ba ɗaya suke ba. Akwai wanda tun bai rufa shekara ba fitila ta mutu, noti ya warware, kujera ta tsage. Araha ba ta ado. In ka haɗa kuɗin gyaran shekara uku da kuɗin da ka saye shi, sai ka ga ba ka ci ribar komai ba. Ranar da za ka sayar kuma a yi maka tayin wulaƙanci.

Wani zai ce: “Tsoho ai matsalar wani ce za ka saya.” Wanga ma yana da gaskiya, in ka saya ido rufe. Ba kowane tsoho ba ne zuma. Akwai wanda aka ci amfaninsa aka bar ƙashi. Shi ya sa zan faɗa maka abin da ake dubawa.

Wani kuma zai ce kayan gyara na asali sun yi wuya, jabu sun yi yawa. Haka ne. Har sunan da ke jikin tanki ana kwaikwayonsa, balle kwalin fistan. Maganin wannan shi ne ka riƙe bakanike guda mai amana da mai shago guda da ya san fuskarka. Ka sayi mai kyau sau ɗaya, ya fi ka sayi jabu sau uku.

Ni ma zan ƙara wasu aibobin da ba su faɗa ba. Birkin tsohon CG ba ya kamawa nan take, sai ka ba da rata. Fitilar na da can ba ta da haske sosai. In ka matsa masa gudu, yana karkarwa har hannunka ya mutu. A rairayi mai zurfi kuma ba gwani ba ne, Yamaha DT 125 ta fi shi a nan, shi ya sa ma'aikatan gona da na dabbobi suka daɗe suna hawanta. Amma duka aibobin nan sananni ne. Aibin da ka sani kana iya zama da shi. Wanda ba ka sani ba shi ne ke kwantar da kai a daji.

Haƙƙin babur a kan mai shi

Kada ka ji na yabi ƙarfe ka ɗauka shi kaɗai ke riƙe kansa. Rabin ƙwarin babur daga maƙera yake, rabi daga hannunka. Ga abin da yake bin ka:

1. Juyen baƙin mai. A ƙasa mai ƙura da zafi irin tamu, shawarata kada ka wuce kilomita 1000 zuwa 1500 ba ka juye ba. Ka rubuta lambar kilomita a ɗan littafi, ko a bangon ɗaki, don kada ka manta. A juye tun inji yana da ɗumi. A bakin inda man ke fita akwai ƴar rariya, a wanke ta. Kada ka sayi man da aka auna maka a kwalbar da ba ka san asalinta ba.

2. Duba mai kowace safiya. Ka tsayar da babur daidai, ka zaro sandar awo, ka goge, ka mayar, ka duba. Minti guda ne, amma yana ceton inji.

3. Matatar iska. Lokacin hunturu da hazo a wanke ta duk sati biyu. Ƙurar da ta wuce ta, cikin inji za ta shiga ta riƙa cin fistan kamar faifan wasa wuƙa. Kada ka yarda wani ya ce a cire ta don babur ya ƙara ƙarfi.

4. Sarƙa. Kada ta yi tauri, kada ta yi sako-sako. In ka ɗaga ta da yatsa ta motsa kamar santimita 2, ta yi daidai. In haƙoran da take hawa sun yi tsini, a canza su tare da ita.

5. Esansi. In na kwalba za ka sha a bakin hanya, ɗaga kwalbar ka duba ta a rana, ko akwai ruwa ko datti a ƙasa, kuma a tace da ƙyalle mai tsabta.

6. Kaya. Babur ba amalanke ba ne. Buhu uku na gero da mutum biyu, yau zai kai ka, gobe zai kai ka, jibi sai ƙashin bayansa ya tsage.

In za ka sayi tsoho

Ka je da safe, ka taɓa inji da hannunka ka ji ko da sanyi. Mai wayo yana ɗumama shi kafin ka iso don ya tashi da wuri. Ka taka kik da kanka. Ka duba salansa: in hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana fita, inji yana cin baƙin mai, akwai aiki a gaba. Ka saurari ƙararsa, ko akwai ƙwanƙwasa a ciki. Ka duƙa ka duba ƙashin babur, ko an taɓa yi masa walda. Ka hau ka ɗan zagaya, ka ji ko yana jan gefe guda. Ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, ba na mai sayarwa ba.

Sannan takardu. Lambar da ke jikin ƙarfe ta zama ita ce ke cikin kart giriz. A rubuta takardar ciniki gaban shaidu. Babur marar takarda, ko kyauta aka ba ka, kana iya sayen rigimar sata, ka rasa kuɗi, ka rasa babur, ka kwana a hannun hukuma.

Daɗin doguwar tafiya

Yanzu mu zo inda na fi so. Mutane suna ɗauka babur na wahala ne kawai. Ni kuwa na ce wanda bai yi doguwar tafiya bisa babur mai lafiya ba, bai gama sanin ƙasarsa ba. A cikin mota kana matse, taga a rufe, direba ne ke da ikon tsayawa. Bisa babur kai ne da kanka.

Ɗauki hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, kilomita wajen 240. Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ka yi sammako, ka sa rigar sanyi, ka riƙe gudunka tsakanin 60 da 70. A nan injin ke samun muryarsa, ba ya kuka, ba ya karkarwa. Ka wuce Cadawa rana tana fitowa. Wajen Agye da Gazawa sai ka ga gawo ya yi kore shar a cikin gonakin da suka bushe, don shi da rani yake ganye, da damina ya zubar. Awaki suna ƙarƙashinsa suna jiran ƴaƴansa su faɗo. Rumbuna sun cika, ƙamshin hayaƙin kara yana tashi daga gidaje. A Tasawa ka yi rabin hanya. Ka sauka ka sha shayi da burodi, inji ya huta, kai ma ka miƙe ƙafa. A Takeita ka ga inda hanyar Matamai ta rabu ta nufi iyakar Najeriya. Kafin azahar manyan duwatsun Damagaram sun bayyana, ka shiga Birni ka ga fadar sarki. In da sauran ƙarfi, Mirya ba ta kai kilomita 20 ba daga nan, ga lambuna, ga kukoki. Nawa babur bai cika wuce lita 3 a kilomita 100 ba, ka ga lita 7 ko 8 sun kai ni.

In yamma ka nufa, daga Maraɗi zuwa Yamai kilomita wajen 660 ne. Kada ka ce a yini guda za ka cinye su. Raba su kwana biyu ko uku. Ka bi ta Tibiri da Gidan Rumji, ka ga tabarmin Madawa, ka ji warin albasar Galmi tun ba ka ga buhunanta ba, ka hango masana'antar siminti ta Malbaza. A Tsarnawa hanyar Tawa ta rabu ta bi ta Badagishiri. Bayan Ƙonni sai tsaunukan Dogon Dutsi, sai Dosso. Tsakanin Dosso da Yamai, wajen Kure, in ka yi sa'a ka ga raƙuman dawa suna kiwo a sake. Mai mota ya wuce su fuu, kai kuwa ka kashe inji ka tsaya ka more kallo.

Abin da ya fi duka shi ne mutane. Goggonka da ke wani ƙauye kilomita 5 daga kwalta, wadda kullum kake cewa wata rana, yau sai ka karya kan babur ka je ka gaishe ta. Zumunta a ƙafa take, babur kuwa ya ƙara wa ƙafa tsawo. Tsohon babur ma yana jawo hira. Duk inda ka tsaya sai wani dattijo ya matso ya dafa tanki ya ce: “Kai, wanga har yanzu shina nan?” Daga nan an zama abokai, har a nuna maka gajeriyar hanya.

Duka daɗin nan daga abu guda yake fitowa, wato kwanciyar hankali. Wanda ke tsoron injinsa ba ya ganin gawo, ba ya ganin raƙumin dawa, kunnensa yana kan ƙara, zuciyarsa tana kan aljihu. Wanda ya shekara goma da babur guda ya san tarinsa, ya san atishawarsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Kwana biyu kafin ka tashi, a juye mai, a duba birki da taya da fitila. Ka ɗaure a baya: tub guda, famfo, kayan faci, buji sabo wanda wasu ke ce wa fulogi, wayar kuloc, sifana, da ruwan sha mai yawa. Ƙayar aduwa ba ta san sabuwar taya ba. Takardunka su zama a aljihu, da parmi da asirans.

Ka sa kaske, wato hular kwano, kai da wanda ka goya. Zafi ne da ita, na sani, amma babu shagon da ake sayar da kan mutum. Kada ka yi tafiyar dare. Amalanke ba ta da fitila, jaki ba ya duba hanya, babbar mota kuma ba ta kauce wa babur. Cikin Afrilu da Mayu ka yi tafiyarka da sassafe, in rana ta take ka nemi inuwa. Da damina kada ka shiga ruwan ƙorama yana gudu, jira ya janye. Sauri ya haifi nawa.

Sai maganar tsaro. A 2015 hukuma ta hana hawan babur a jihar Difa saboda hare-hare, a 2020 aka yi haka a sassan jihar Tilaberi. Irin dokokin nan suna canzawa, kuma wasu hanyoyin daji na kan iyaka suna da ƴan bindiga. Kafin ka tashi ka tambayi hukuma da direbobin tasha halin da hanya ke ciki. In an ce kada a bi, kada ka bi. Ka kuma faɗa wa na gida inda za ka kwana.

Ɗan uwa, kuɗinka ne, guminka ne, kai za ka yanke shawara. Abin da na roƙe ka shi ne, ranar da za ka saya ko za ka sayar, kada ka tsaya ga fenti da madubi. Duƙa ka dubi inji, ka tambayi shekarun da ya yi yana aiki da hannun da ya riƙe shi. In tsohon naka yana tashi da safe, yana kai ka yana maido ka, ba shi mai mai kyau ka bar shi ya ci gaba, kuɗin sabon kuma ka sa su a gona ko a tunkiya. Allah ya kiyaye hanya.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ne ke sa injin CG daɗewa?
2. Me za ka duba in za ka sayi tsohon babur?
3. Babur yana shan lita 3 a kilomita 100. Lita nawa zai sha daga Maraɗi zuwa Yamai?
4. Kai ka yarda da wanga ra'ayi? Faɗi dalilinka.